Girafin: abin da aka shimfiɗa shi a kai ne ke juya halinsa

Wani mai bin shirinmu a nan Bosso ya kawo tambaya. Ƙanensa da ke ci-rani ya aiko masa da batirin cajin salula, a kwalin an rubuta Graphene. Mene ne wannan, kuma ya cancanci ƙarin kuɗi?

Girafin dangin gawayi ne, wato kabon zalla. Baƙin nan na cikin fensir falle-falle yake. In aka ɓare falle ɗaya tak, mai kaurin ƙwayar zarra guda, shi ne girafin. Sai an jera wajen miliyan 3 kafin a sami kaurin milimita ɗaya. A 2004 Andre Geim da Konstantin Novoselov na jami'ar Mancesta a Ingila suka ɓaro shi da salatif, abin da ya ba su kyautar Nobel a 2010.

To, ga inda gizo ke saƙar. Abu marar kauri haka galibi akan shimfiɗa shi kan wani abu, shimfiɗar kuwa na taɓa kowace ƙwayarsa. Manomin tattasai a bakin Komadugu ya san zancen: iri ɗaya ne, amma abin da fadama ta ba ka jigawa ba za ta ba ka ba.

In aka ɗora shi kan silika, dangin rairayi, lantarki na tafiya yana tuntuɓe saboda kaushin wurin. A 2010 masana a jami'ar Kolambiya ta Amurka suka ɗora shi kan sinadarin boron-naitarayid mai santsi, gudun lantarkin ya ƙaru sosai. Sai dai girafin na da taurin kai: lantarki ba ya tsinkewa a cikinsa, alhali ƙwaƙwalwar salula da kunnawa da kashewa take aiki. A 2024 ayarin Walter de Heer a Amurka, tare da jami'ar Tianjin ta Sin, suka tsirar da shi kan silikon-kabayid, ya manne, ya yarda a kashe shi.

Duk wannan fa a ɗakin gwaji ne. Na batirin kasuwa galibi ɗan garinsa ake barbaɗawa, kwali kuma ba ya faɗin ko nawa. Mu dai a ganinmu, kafin ku ƙara ko dala, ku duba lambar mAh, ku cika shi, ku ƙirga salula nawa ya caja.