Ledar Kwata da Kunkurun Teku

Duk sa'ad da aka ga samari da 'yan mata sun fito da buhuna suna tsince shara a bakin tekun Akra, ba a rasa mai cewa wahalar banza suke yi, tunda gobe igiyar ruwa za ta maido musu ninkin abin da suka kwashe, kuma wai teku ya fi ƙarfin ƙazanta. Wannan magana ta biyu ita ce abar dubawa, domin har masu ɗan karatu suna kafa mata hujja da hukuncin fiƙihu cewa ruwa yana nan da tsarkinsa muddin launinsa ko ɗanɗanonsa ko ƙanshinsa bai sauya ba. To, wannan hukuncin alwala ne da wanka, malamanmu kuwa najasa mai narkewa suke nufi, alhali leda ba ta narkewa, sai dai rana da gishiri su farfasa ta gutsi-gutsi, ta ci gaba da yawo.

Ledar ruwan sha da aka jefa a babbar kwatar unguwar Nima ta Akra lokacin da hadari ya haɗu, da niyyar ruwa ya tafi da ita, lalle ruwa yana tafiya da ita: ya zuba ta a kogin Odaw, Odaw ya miƙa ta ga tafkin Korle, daga nan sai teku, inda igiya ke jan kaya gabas, wajen Ada, gaɓar da kunkurun teku ke fitowa da dare don ya binne ƙwansa cikin yashi. Mafi girman waɗannan kunkuraye abincinsa wata halitta ce mai yauƙi, fara sal, mai shawagi a ruwa, wadda ba ya iya rarrabe ta da leda. Allah kuwa ya halicce shi da ƙayoyi a maƙogwaro masu fuskantar ciki, tamkar bakin ƙugiya, don kada abinci mai santsi ya kuɓuce masa, saboda haka abin da ya haɗiya da wuya ya dawo, sai ya toshe masa hanji, yunwa ta kashe shi cikinsa cike. 'Ya'yan ma, bayan sun yi kamar wata biyu cikin yashi, tsohuwar koma ko tarin tsumma kan tare su kafin su kai ruwa, tsuntsaye da karnuka su same su.

Ashe ke nan share gaɓa a lokacin ƙwai yana da fa'ida ko da gobe ta sake cika. Abin da bai kamata ba shi ne hukuma ta jingine nauyinta a kan 'yan sa kai. An ga abin da toshewar magudanai ya jawo a Akra daren 3 ga Yuni 2015, da ambaliya da gobara suka ci rayuka kimanin 150, amma har yau akwai lungunan da motar shara kan yi kwanaki ba ta leƙa ba, kwata kuwa tana bakin ƙofa.