Kyamara Na Nuna Hoto, Amma Tana Naɗa Kuwa?

Yawancin masu shaguna, gidajen mai da makarantun da suka sa kyamarorin tsaro ba sa sanin faifan ajiyar na'urarsu ya mutu sai ranar da ɓarawo ya yi musu ta'adi. Akwatin DVR yakan ci gaba da nuna hoto a talabijin ko da ba ya naɗar komai, sai an zo duba abin da ya faru daren jiya a tarar wayam. Wani lokaci ma akwatin ya yi ta ƙara yana gargaɗi, yaron shago ya kashe ƙarar don ta ishe shi.

Idan canjin faifai ya kama, kada ka ce wa mai gyara ya sa maka kowanne. Faifan kwamfutar ofis an ƙera shi ne ya yi aikin wuni a kashe shi, kuma nauyin da ake ƙiyasta masa bai wuce terabait 55 a shekara ba. Na kyamara kuwa dare da rana yake rubutu, shi ya sa aka yi masa nasa daban, irin su WD Purple na Western Digital da SkyHawk na Seagate, masu ɗaukar terabait 180 a shekara. Na kwamfutar zai yi aiki da farko har ka ga kamar ka ci riba, daga baya bidiyo ya fara tsallake, kuma sau da yawa mintin da kake nema shi ne zai ɓace. Ka kuma nemi mai tsarin CMR, domin mai SMR yana sanyin jiki idan rubutu ya yi yawa.

Batun girma lissafi ne. Kyamara ɗaya mai tura megabit 2 a daƙiƙa tana cin kusan gigabait 22 a rana. Kyamara huɗu ke nan za su cika terabait 1 cikin kwana 11 ko 12, sannan akwatin ya fara goge tsoho yana ɗora sabo. Mai son bidiyon wata guda sai ya nemi terabait 4, ko ya kunna H.265 idan na'urarsa na da shi, don yana rage cin wuri sosai. Amma a duba takardar akwatin tukuna: tsofaffi da dama ba sa karɓar babban faifai.

Inda aka fi cutar mutane shi ne na hannu da ake sayarwa a matsayin sabo. Leda mai sheƙi da sabuwar takarda ba shaida ba ce. A farkon 2025 kafar labaran fasaha ta Heise a Jamus ta bankaɗo yadda wasu 'yan kasuwa suka riƙa sayar da fayafan Seagate da suka yi dubban sa'o'i suna aiki, bayan an goge lissafin sa'o'in. In har a Turai an yi haka, mai saye a nan sai ya ƙara buɗe ido. Ka sa lambar jikin faifan a shafin kamfanin ka ga ko garantinsa na nan, sannan a jona shi da kwamfuta a duba sa'o'insa da manhajar CrystalDiskInfo. Ba ta kama kowane algus ba, amma tana tona na ragwaye. Mai kayan da ya ƙi yarda a gwada, bar masa abinsa.

Sabon ma ba zai daɗe ba idan ɗauke wuta da sauya janareta suna kashe shi bagatatan, ko an cusa akwatin cikin durowa babu iska. Ƙaramin UPS yana maganin na farkon.

Bayan an sa, a yi masa fomat daga cikin akwatin, ka wuce ta gaban kyamara, sannan ka mayar da bidiyon ka ga kanka kafin mai gyara ya karɓi kuɗinsa. Tsohon faifan kuwa ka karɓi abinka, domin hotunan iyalinka da abokan cinikinka suna ciki.