Koyon Hausa da Kunne: Fodkas a Cikin Aji

Ya kai ɗalibi, ɗauki alƙalaminka ka rubuta kalmar nan: gari. Sa'an nan ka miƙa wa na kusa da kai ya karanta. Zai yiwu ya karanta maka sunan wurin da mutane suke zaune, zai kuma yiwu ya karanta maka abin da ake tuƙa tuwo da shi. Duka biyu bai yi kuskure ba, domin harufan iri ɗaya ne. Bambancin yana cikin wasalin farko: gajere ne a garin da ake zama, dogo ne a garin tuwo. Haka wuya take. In ka fara da karin sama ka sauka, sashen jiki ka ambata; in ka fara da karin ƙasa ka hau, wahala kake nufi. Kuka na mai hawaye daban, kuka mai miya daban. Rubutun Hausa na yau da kullum ba ya nuna tsawon wasali, ba ya kuma nuna karin sauti. Wanda aka haifa cikin harshen yana cike wannan giɓi da kansa ba tare da ya lura ba. Kai da kake koyonsa a matsayin harshe na biyu, littafi kaɗai ba zai cike maka shi ba. Dole kunnenka ya yi aiki, kuma ya yi shi sau da yawa.

Wannan shi ya kawo mu ga fodkas. Fodkas shiri ne na sauti wanda ake ɗauka a ajiye a intanet, kashi-kashi, domin mai sauraro ya sauko da shi cikin wayarsa ko kwamfutarsa ya ji lokacin da ya ga dama. Sunan ya fara fitowa ne a shekarar 2004, a wani rubutu na ɗan jarida Ben Hammersley a jaridar The Guardian ta Ingila. An haɗa shi ne daga sunan wata 'yar na'urar sauraro ta kamfanin Apple mai suna iPod da kalmar Ingilishi mai nufin watsa shiri. Na'urar ta daina yayi, suna kuwa ya zauna.

Kada sabon suna ya ruɗe ka. Koyarwa ta hanyar murya daga nesa tsohuwar aba ce, kuma Hausawa sun daɗe da sabawa da ita. Sashen Hausa na BBC ya soma watsa shirye-shirye a 1957, na Deutsche Welle ta Jamus a 1963, Muryar Amurka a 1979, Rediyon Faransa kuma a 2007. A 1974 aka gwada koyar da lissafi ta rediyo a makarantun firamare na ƙasar Nikaraguwa, inda muryar da ke cikin akwatin rediyo takan yi tambaya ta dakata, yara su amsa da baki ɗaya, sa'an nan ta ci gaba. Ƙasashe da yawa sun kwaikwayi wannan dabara daga baya. A nan gida, Hukumar Ilimin Makiyaya ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1989, ta yi amfani da rediyo wajen isa ga Fulani a rugagensu. Deutsche Welle kuma ta fito da shirin Ji Ka Ƙaru domin matasa, wanda yake koyarwa ta hanyar wasan kwaikwayo. Da annobar korona ta sa aka rufe makarantu a watan Maris na 2020, jihohi da dama, har da Bauchi, rediyo da talabijin suka koma wa domin kada karatu ya tsaya cak.

A wancan lokaci ne iyaye da malamai suka ga amfanin rediyo, suka kuma ga iyakarsa. Rediyo ba ya jiran kowa. In an sa darasi da ƙarfe goma, kai kuwa an aike ka ɗebo ruwa, darasi ya wuce ke nan. In wata kalma ta kuɓuce maka, ba ka da ikon ce wa mai magana ya maimaita. Fodkas ya warware waɗannan matsaloli biyu. Kana iya tsayar da shi, ka mayar da shi baya, ka ji jimla ɗaya sau goma, har ma ka rage saurin maganar a mafi yawan manhajojin sauraro. A ganina wannan ikon maimaitawa shi ne babbar fa'idarsa ga mai koyon harshe. Sauran duk ƙari ne. Malami mutum ne, yana gajiya, kuma ajin da ke da ɗalibai masu yawa ba zai bar shi ya tsaya a kan kowane ɗaya ba. Na'ura ba ta gajiya, ba ta kuma yi maka dariya in ka nemi ƙari.

Mu ɗauki misalin Miri, wadda take bakin hanyar Jos, yamma da birnin Bauchi. A ajin sakandare na irin wannan wuri za ka tarar da ɗalibin da ake Fulatanci a gidansu, da wanda ake Jaranci ko harshen Sayawa, da ɗan Ibo ko Bayarabe wanda kasuwanci ko aikin gwamnati ya kawo iyayensa. Manufar ilimi ta ƙasa, tun bugunta na 1977, ta ƙarfafa cewa yaro ya koyi ɗaya daga cikin manyan harsuna uku, wato Hausa da Ibo da Yarabanci, ban da harshensa na gida. To, ɗalibin Miri ba ya rasa jin Hausa. Yana jin ta a bakin masu Keke Napep, yana jin ta a kasuwar Wunti da ta Muda Lawal, yana jin ta a filin ƙwallo. Mai tambaya zai ce, me zai yi da fodkas?

Amsar tana cikin irin Hausar da yake ji. A Bauchi sau da yawa za ka ji an ce, "Ya kawo ruwa wa malam." Wannan Bausanci ne, kuma karin harshe ne mai asali, ba ɓatacciyar magana ba ce. Amma daidaitacciyar Hausa, wadda za a auna ka da ita a jarrabawa, cewa take yi, "Ya kawo wa malam ruwa." Haka nan Hausar titi a garin da ya tara ƙabilu takan yi sakaci da jinsi, a ce "mota ya zo" maimakon "mota ta zo". Takan kuma haɗe baƙaƙe masu ƙugiya da marasa ita, har baki da baƙi su zama ɗaya, kafa da ƙafa su zama ɗaya. Ɗalibin da ya tashi cikin wannan yana magana da sauri ba tare da tsoro ba, abin da ya rasa shi ne ma'aunin da zai gwada maganarsa da shi. Labaran duniya na minti biyar daga bakin ƙwararren mai karantawa ma'auni ne. Ɗan'uwansa da ke koyon Hausa a Inugu ko Ibadan kuwa matsalarsa ta fi wannan girma, domin da zarar an tashi daga aji, mai yiwuwa ba zai sake jin kalma ɗaya ta Hausa ba sai mako mai zuwa. Shi fodkas ne kasuwarsa da titinsa.

Sai dai sauraro iri biyu ne. Akwai na mai kwance da ya kunna rediyo yana gyangyaɗi, akwai na mai neman wani abu. Na biyun ne muke so a aji, kuma yana da tsari. Kafin a kunna komai, malaminka zai gaya muku abin da shirin ya ƙunsa, ya rubuta kalmomi biyar ko shida masu wuya a allo, ya kuma ba ku tambaya ɗaya ko biyu da za ku nemi amsarsu. A ji na farko kada ka rubuta komai, kada kuma ka damu da kalmar da ba ka sani ba. Nemi gundarin magana kawai: wa yake magana, da wa, a kan me? Ɗalibai da yawa a nan suke faɗuwa. Kalma ɗaya ta gagare su, sai su tsaya suna kokawa da ita, jimloli goma su wuce su. A ji na biyu ne za ka ɗauki alƙalami ka kama sunaye da lambobi da dalilai. A ji na uku malam zai riƙa tsayar da na'ura bayan kowace jimla, ku kuma ku maimaita, kuna bin hawa da saukar muryar mai magana kamar yadda ake bin waƙa. Kada ka ji kunyar wannan mataki don ya yi kama da karatun 'yan aji ɗaya. Da shi karin sauti yake shiga baki.

Yanki gajere ya fi dogo amfani. Minti uku da aka ji sau uku aka tattauna sun fi minti talatin da aka ji sau ɗaya. Bayan ka saba da daidaitacciyar Hausa, sai a kawo maka muryar Basakkwace ka ji yana cewa biyat inda ka san biyar, yana cewa tahi inda ka san tafi. Ta haka za ka gane cewa Hausa gida ce mai ɗakuna da yawa, kuma kunnenka ba zai firgita ba ranar da tafiya ta kai ka Sakkwato ko Maraɗi.

Na san abin da ke ranka: kuɗin data, da wutar lantarki da ba ta tsayawa, da kuma cewa ba kowane ɗalibi ne yake da waya ba, ga shi makarantu da yawa sun hana shiga aji da ita. Duk gaskiya ne. Amma sauti abu ne marar nauyi. Shirin magana na minti goma, in an matse shi yadda aka saba, bai cika wuce megabait biyar ba, alhali bidiyo mai wannan tsawo yakan ninka haka sau da yawa. Mutum ɗaya ne zai sauko da shi inda sabis yake da ƙarfi, sa'an nan ya tura wa sauran ta Bluetooth ko Xender ko katin memori, ba tare da an ƙara kashe ko kwabo ba. A cikin aji kuwa waya ɗaya ta malam da 'yar ƙaramar lasifika mai caji sun isa. Ko ƙaramar waya mai madannai, muddin tana karɓar memori, za ta yi aikin a gida. Akwai kuma dandalin karatu na Nigeria Learning Passport, wanda Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya da UNICEF suka ƙaddamar a 2022, mai ɗauke da darussa cikin Ingilishi da Hausa da Ibo da Yarabanci.

Wani gargaɗi a nan game da na'urorin fassara. Google Translate ya shigar da Hausa tun 2013, kuma yana taimakawa wajen gano ma'anar kalma cikin gaggawa. Amma shi ma rubutu yake gani, rubutun nan da ba ya bambanta wuya da wuya. Ka ba shi karin magana ka ga yadda zai yi da ita. Ka riƙe shi a matsayin abokin shawara, ƙamus da malaminka su zama alƙalai.

Mataki mafi daɗi shi ne ranar da ajinku zai daina sauraron shirin wasu ya haɗa nasa. Ba a bukatar ɗakin watsa labarai. Kowace wayar zamani tana da manhajar ɗaukar murya, kuma akwai Audacity, manhajar kyauta ta kwamfuta, in ana son a yanke a gyara. Ku kasu rukuni-rukuni na mutum huɗu ko biyar, kowane rukuni ya zaɓi batu daga abin da ke kusa da shi. Wasu su tambayi wani dattijo labarin yadda Malam Yakubu, ɗaya daga cikin waɗanda suka karɓi tuta daga hannun Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, ya kafa birnin Bauchi. Wasu su ziyarci kabarin Abubakar Tafawa Ɓalewa, firayim ministan Nijeriya na farko kuma marubucin littafin Shaihu Umar, su ba da rahoton abin da suka gani. Wasu su tsaya wurin mai sayar da masa su tambaye ta yadda ake jiƙa shinkafa da yadda ake sanin ƙullu ya tashi. Wanda iyayensa suke da wani harshe yana iya karɓo tatsuniya daga bakin kakarsa ya mayar da ita Hausa, ya kuma faɗa wa aji wuraren da fassarar ta ba shi wuya. Sau da yawa irin wannan shiri ne yake fin saura armashi.

Ku rubuta tambayoyinku tun a aji malam ya duba. Ku nemi wuri marar hayaniya, nesa da janareta da bakin titi. Ɗaki mai labule da tabarma ya fi ɗaki wayam, domin bango tsirara yana mayar da amo. Ku riƙe waya kamar taƙi ɗaya daga bakin mai magana. Abin da ya fi duk waɗannan muhimmanci shi ne izini. Kada ka ɗauki muryar kowa a ɓoye. Ka gaishe shi yadda ya kamata, ka ce, "Baba, muna son mu ɗauki maganarka domin darasinmu na makaranta, ko ka yarda?" Ka gaya masa su wa za su ji. In ya ce a aji kaɗai, to kada ta fita zuwa WhatsApp ko Facebook, domin abin da ya shiga intanet da wuya a dawo da shi.

Karon farko da za ka ji muryarka daga cikin lasifika, za ka yi mamaki, wataƙila ma ka rufe fuska. Kowa haka yake yi. Daure ka saurara har ƙarshe da alƙalami a hannu. Za ka ji da kunnenka inda ka ce kara kana nufin ƙara, da inda ka ja wasalin da ya kamata ka taƙaita, kurakuran da malam ya sha nuna maka ba ka gane ba sai yanzu. Ka rubuta guda uku kawai, ka yi mako kana gyara su, sa'an nan ka sake ɗaukar wannan yanki. Ka ajiye na farkon, kada ka goge, ka sa masa kwanan wata. A ƙarshen zango malam zai tattara shirye-shiryen ajinku cikin katin memori ɗaya, kuma da su 'yan ajin da ke bayanku za su fara nasu darasin sauraro.