Amurka: unguwar Greenwood ta ƙi mantawa da kantunanta

Duk wanda ya bi titin Greenwood, a birnin Tulsa na jihar Oklahoma, sai ya riƙa duban ƙasa. An kakkafa ƙananan alluna cikin daɓen gefen titi, kowane da sunan kanti, otel ko ɗakin likita na baƙar fata da ya taɓa zama a wurin.

Ran 31 ga Mayu da 1 ga Yuni na 1921 ne gungun turawa suka auka wa unguwar, wadda arzikin ƴan kasuwarta ya jawo mata laƙabin Black Wall Street. Suka washe dukiya, suka cinna wuta. Wasu masana na ƙiyasta mamata har 300. Kamfanonin inshora suka ƙi biya. Mutanen suka sake gini da guminsu, sai ga hukuma, bayan shekara kusan 50, ta keta unguwar da babbar hanyar mota.

A jikin bangon wannan hanya, ba wani wuri ba, masu zane suka shimfiɗa laƙabin nan da manyan haruffa masu launi a 2018. Batun diyya kuwa, a 2024 kotun ƙolin jihar ta yi watsi da ƙarar tsofaffin da suka tsira daga wutar.