Yadda matsalar baitulmali ta raba Sarkin Kano Sanusi na Ɗaya da gadon sarauta

Dattawan Birnin Kudu da Gwaram ba su manta da zamanin haraji da jangali ba. A wancan lokaci garuruwan biyu gundumomi ne a ƙarƙashin En'e ta Kano. Mai unguwa ya tara, ya miƙa wa dagaci, dagaci ya kai wa hakimi, daga nan kuɗin ya wuce baitulmali a Kano.

Wannan baitulmali ce ta zama sanadin saukar Sarkin Kano Muhammadu Sanusi na Ɗaya, wanda ya gaji mahaifinsa Abdullahi Bayero bayan rasuwarsa a ƙarshen 1953.

Sanusi sarki ne mai kwarjini, masani, kuma jigo a ɗariƙar Tijjaniyya. Kotu da 'yan doka da gidan yari duk suna ƙarƙashin En'e da yake jagoranta.

A 1962 En'e ta Kano ta faɗa cikin ƙuncin kuɗi. Gwamnatin Jihar Arewa ta Sardauna Ahmadu Bello ta naɗa wani Bature, D.J.M. Muffett, ya binciki yadda ake sarrafa kuɗinta. Bayan rahotonsa, aka tilasta wa Sarki yin murabus a watan Maris na 1963, aka kai shi Azare.

Magoya bayansa sun ce binciken hujja ce kawai, ainihin rigimar ta ƙarfin iko ce tsakaninsa da Sardauna. Muhammadu Inuwa da ya gaje shi ya rasu bayan 'yan watanni, sannan aka naɗa Ado Bayero. Daga baya Sanusi ya dawo Wudil da zama, ya rasu a 1991.

Tarihin Turai ma yana da irin wannan labari. A Jamus an yi wani basarake, Konrad na Weinsberg, ma'ajin Sarki Sigismund. Shi ke tara wa sarkin haraji, har yana ranta masa kuɗi, amma da ya mutu a 1448 bashi ya yi wa gidansa katutu. A 1450 aka sayar da fadar gidan.

A Arewa kuwa, garambawul na 1976 ya mayar da aikin En'e hannun ƙananan hukumomi, sannan Gwamna Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali a Jihar Kano a 1979.

Yau Birnin Kudu da Gwaram suna Masarautar Dutse a Jihar Jigawa, wadda aka ƙirƙira a 1991. Hakimai da dagatai sun koma jiran albashi da kason da gwamnati ke ware wa masarautu, alhali ɗawainiyar baƙi da sulhu da hawan Sallah tana nan a wuyansu. Wanda ke biyan albashin kuma shi ke da ikon naɗawa da tuɓewa, kamar yadda jikan Sanusi ya gani a ranar 9 ga Maris, 2020, kafin a mayar da shi a 2024.