Ƙaurin baƙin mai a mota gargaɗi ne

Bayan girbi, motoci na kai hatsi da albasa kasuwa. Wani lokaci a kan hanya mukan ji ƙaurin baƙin mai yana tasowa daga injin. Kada mu yi sakaci da shi.

Sau da yawa, mai ne ke yoyo ta robar murfin injin da ta tsufa, ko ta matatar mai da ba a ɗaure da kyau ba. Yana ɗiga bisa bututun hayaƙi mai zafi, ya ƙone. In kuma hayaƙi shuɗi-shuɗi ke fita ta baya, to cikin injin ne mai ke ƙonewa.

Mi ya kamata mu yi? Mu tsaya gefen hanya, mu kashe mota, mu jira minti 15 ta huce. Mu zaro sandar awon mai, mu goge, mu mayar, mu sake zarowa. In mai ya ragu, mu ƙara, amma kada ya wuce alamar sama. Sannan mu kai wa makaniki ya nemo inda ke yoyo, ya gyara.

Yoyon mai na iya haddasa gobara, ko ya kashe injin. Kuɗin roba kaɗan ne, kuɗin injin kuwa na iya cinye amfanin gonar shekara guda.