Tuƙin Keke A Cikin Tawaga: Jarumta Daban, Ganganci Daban

Yau maganar keke za mu yi. Kun lura dai a 'yan shekarun nan matasa na haɗuwa da sassafe ranar Asabar ko Lahadi, mutum goma, ashirin, kowa da kekensa, a fita motsa jiki. Abu ne mai kyau wallahi. Sai dai akwai wata ɗabi'a da ke shigowa: ganin cewa wanda ya fi kutse da kurɗawa tsakanin motoci shi ne gwarzo. To bari mu leƙa tarihi mu ga su waye gwaraza na gaske, sannan mu dawo kan titinmu.

Gasar tseren keke mafi girma a duniya ita ce Tour de France, an fara ta a Faransa a 1903. Zango 6 kawai aka yi a wannan shekarar, amma jimillar tafiyar kilomita 2,428 ce. Wato zango ɗaya ya kai wajen kilomita 400, a kan hanyoyin da mafi yawansu ba kwalta, wani lokacin cikin dare. Mutum 60 suka tashi, 21 suka kai ƙarshe, Maurice Garin ya yi na ɗaya. Kekunan masu nauyi ne, kuma ba a yarda da giyar da ake canzawa ana cikin tafiya ba sai a 1937.

Doka a lokacin ita ce idan kekenka ya lalace, kai kaɗai za ka gyara abinka. A 1913 wani ɗan Faransa mai suna Eugène Christophe yana gangarowa daga dutsen Tourmalet sai ƙarfen da ke riƙe da tayar gaba ya karye. Ya saɓi keken a kafaɗa, ya taka fiye da kilomita 10 zuwa wani ƙauye, ya shiga maƙera ya ƙera ƙarfen da hannunsa, alƙalan gasa na tsaye suna kallo. Da yake hannuwansa biyu na kan aiki, wani yaro ya zuga masa wuta. A kan wannan zugar kawai aka ci shi tarar minti 10. Ya hau kekensa ya ci gaba, ya gama gasar a na bakwai.

A 1956, a gasar Giro ta Italiya, Fiorenzo Magni ya faɗi ya karya ƙashin wuya. Da ya ga ba zai iya jan kan keken da hannu ba a hawan tudu, sai aka ɗaura masa guntun robar cikin taya a kan keken, ya cije ɗaya bakin da haƙori yana ja. Haka ya gama gasar a na biyu. A 1980 kuma, a tseren Liège-Bastogne-Liège na Beljiyam, dusar ƙanƙara ta sauko, cikin mutum 174 da suka tashi 21 ne suka ƙarasa. Bernard Hinault ya ci da tazarar sama da minti 9, amma sanyin ya taɓa masa yatsu, abin ya daɗe yana damunsa.

Yanzu ku duba labaran nan da kyau. Kowannensu kansa ya ɗora wa wahala, ba wanda ke gefensa ba. Kuma ba duk abin da suka yi ne abin koyi ba. Tom Simpson ɗan Ingila ya mutu a kan dutsen Ventoux a 1967, cikin tsananin zafi, da ƙwayar ƙara kuzari a jikinsa. Hular kwano ma ba a wajabta wa ƙwararrun 'yan tsere ba sai a 2003, bayan Andrei Kivilev ya faɗi ya bugu a kai ya mutu a gasar Paris-Nice. Sai da aka rasa rai kafin aka yi hankali.

To me ya sa ma ake tafiya a tawaga? Iska. Wanda ke gaba shi ke yanka iska, na bayansa na iya samun sauƙin kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙarfin da zai kashe. Amma kafin ka samu wannan sauƙin sai ka matso kusa da tayar na gabanka, kuma a wannan matsayin ba ka ganin titi sosai. Idonka shi ne na gaba. Ka ga kenan amana ce, daga nan duk ƙa'idojin suka samo asali.

Na farko, idan kana gaba kai ne mai gani. Ka ga rami, yashi, kwalba ko tudun rage gudu, ka nuna da yatsa ka kuma faɗa da baki, na bayanka ya isar wa na bayansa har ƙarshen layi. Kada ka kauce wa rami shiru ka bar ɗan'uwanka ya afka.

Na biyu, ban da taka birki bagatatan. Za ka rage gudu, ka ɗaga hannu ka sanar. Haka in za ka miƙe tsaye a kan feda a hawan tudu, ka sani keken na ɗan ja baya a wannan daƙiƙar, sai ka yi a hankali.

Na uku, kada tayarka ta gaba ta shiga gefen tayar bayan na gabanka. Ya ɗan karkata kaɗan, taya ta taɓa taya, kai ne za ka sha ƙasa, duk na bayanka su bi ta kanka.

Na huɗu, gaba karɓa-karɓa ake yi. Ka ja na ɗan lokaci, ka duba baya, ka yi alama, ka matsa gefe ka koma ƙarshe. Idan layi ya zo kanka kada ka ƙara wuta don a san ka iso, ka riƙe gudun da ka tarar.

Na biyar, titi ba na tawaga ba ne ita kaɗai. Kada a wuce mutum bibbiyu a jere, a kan siririyar hanya kuma a koma layi ɗaya. Ku bi hannunku, ban da tafiya kuna fuskantar motoci. Danja ta tsayar da mota, ta tsayar da keke. Ku lura da mai adaidaita sahu da zai iya tsayawa ɗaukar fasinja ba sanarwa, da ƙofar motar da aka faka, da yara masu tsallaka titi. Ku cire abin jin waƙa daga kunne, ku sa hular kwano, in da duhun asuba aka fita a kunna fitila gaba da baya.

Na shida, ba a barin kowa a baya. Wani ya yi faci ko ya gaji, a sauka gefen titi gaba ɗaya a jira shi. Christophe doka ce ta hana a taimaka masa, mu babu dokar da ta hana mu. Sabon shiga da aka bari shi kaɗai a bayan gari ba zai sake dawowa ba, kuma zai gaya wa wasu.

'Yan'uwa matasa, in kana son gwada juriyarka ga hanya nan: ka tashi da asuba, ka hau tudun da ke ba ka tsoro, ka ja gaba ranar da iska ke kaɗawa. Amma mutanen da ke bayan tayarka iyayensu na jiran su koma gida lafiya, kuma a wannan tafiyar lafiyarsu na hannunka. Kafin fitarku ta gaba, ku tsaya minti biyar a wurin haɗuwa ku yarda a kan alamomin da za ku riƙa yi wa juna, ku zaɓi wanda zai tsaya a ƙarshen layi.

A nan za mu dakata. Ku tura wa abokan tuƙinku, sai mun haɗu a shiri na gaba.